Casis ɗin motar haɗa-da-kanka: kaurin ƙarfe ko yawan tokari?

Ɗan_Koyo: Salam 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema dan Allah. Ina so in haɗa ƙaramar motar gudu mai kujera biyu irin samfurin Lotus Seven ɗin nan da ake ce wa Locost, inji a gaba, tayoyin baya ke ja, ba rufi ba ƙofa. Inji da giya da difarenshal da birki duk daga tsohuwar Mazda MX-5 zan ciro. Zanen da ke hannuna ya ce a yi casis, wato ƙashin ƙarfen da komai na motar ke hawa, da sukwaya fayif 25 x 25 mai kaurin milimita 1.6, ni kuma da na ɗaga fayif ɗin na juya shi wlh hankalina bai kwanta ba, wannan siririn abun ne zai ɗauki inji da mutum biyu a guje? Tunanina in koma 40 x 40 kauri 3, ko in yi da alminiyam mai kauri tunda shi ba nauyi. Manya me kuka gani?

Baba_Mai_Walda: Wa alaikumus salam yaro. Idonka bai yi maka ƙarya ba. Ƙara kauri ka yi barci da munshari. Ranka ne a ciki, in taya ta faɗa rami ba zane ne zai tsaya maka ba, ƙarfe ne.

Injiniya_M: Baba da girman kujerarka amma a nan zan ja da kai. Ɗan_Koyo ɗauki kalkuleta mu yi tare. Mita ɗaya na 25 x 25 x 1.6 nauyinsa kusan kilo 1.2 ne. Mita ɗaya na 40 x 40 x 3 kusan kilo 3.5. A ce misali fayif mita 40 zai shiga aikin, na farko ya ba ka kilo 47, na biyu kilo 140. Ka ɗora wa motar da gaba ɗayanta bai kamata ta wuce kilo 600 da wani abu ba ƙarin kilo kusan 100, kuma abin haushin ba lallai ta daina murɗewa ba.

Dalili kuwa, irin wannan casis ɗin ba kaurin fayif ke riƙe shi ba, yadda aka jera su ne. Fayif huɗu da aka haɗa murabba'i in ka tura kusurwa ɗaya zai karkace, duk wahalar ta koma kan waldar da ke kusurwoyin. Saka tokari guda a gicciye ya zama alwatika biyu, shi kenan ba zai karkace ba sai dai in wani fayif ya miƙe ko ya tsuke, kuma ƙarfe a ja ko a turawa ta tsawonsa yana da tauri ƙwarai ko da siriri ne. To duk dabarar ita ce kada a bar fayif yana lanƙwasa, a sa shi ya riƙa ja ko turawa kawai.

Baba_Mai_Walda: To Injiniya AC Cobra fa? Fayif biyu ne manya zagayayyu a kwance, inci 3, da aka zo mai injin 427 aka mayar inci 4, an ɗaura 'yan gicciye an ɗora bodi. Ina alwatikar take? Ga ta nan har yau ana ta kwaikwayonta.

Injiniya_M: Gaskiyarka Baba, wancan tsarin tsani ne kuma yana aiki, amma duba me ya sa suka ƙara faɗin fayif ɗin, ba kaurin bango kaɗai ba. A tsarin tsani fayif ɗin kansa ne ke jure murɗiya da lanƙwasa saboda haka dole ya zama ƙato, nauyi ya biyo baya, sai a sa V8 ya ja. Shi yaron nan injin 1.6 ko 1.8 ne da shi. Matsalar ita ce a ɗauki zanen keji, wato mai alwatikan nan irin nasa, a cika shi da fayif irin na tsani, an tara nauyin wancan ba a samu sauƙin aikinsa ba.

Direba_Zero: Ni ta wajen tuƙi zan yi magana. Nauyi a irin motar nan haihuwa yake yi. Ka ƙara kilo 100 sai ka ga birkin ya yi kaɗan, ka sa babba, sifirin ya yi laushi, ka canza, taya ta yi siririya, ka faɗaɗa, kafin ka farga motar da ka so ta zama mai rawar jiki ta koma lumtsuma. Colin Chapman da ya fito da Seven a 1957 ai ba da ƙaton inji ya yi suna ba, rashin nauyi ne jarinsa, kuma Caterham da suka sayi haƙƙin ƙera ta a 1973 har gobe a kan wannan layin suke.

Na_Gefe: Ni dai tambayata, mota ba ƙofa ba rufi ba AC, wai duk wahalar nan ta mece ce 😂

Direba_Zero: Malam ka shiga kwana da ita sau ɗaya tukuna sai mu yi magana.

Yar_Lissafi: Sannunku. Rashin ƙofar ma ba ado ba ne Malam Na_Gefe, larura ce. Gefen motar shi ne katangar kejin, in ka yanke shi ka sa ƙofa ka kashe taurin. Mercedes 300 SL ta 1954 da ƙofofinta ke buɗewa sama, dalilin ke nan, kejin fayif ya taso sosai a gefe babu wurin ƙofa ta al'ada.

Sai maganar alminiyam da ƙanina ya kawo, don na ga an wuce ta. Eh nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, 2.7 a kan 7.85, amma taurinsa ma kashi ɗaya cikin ukun ne, wajen 70 a kan 200 da ɗoriya a ma'aunin tauri na GPa. Kenan a fayif da ke ja ko turawa, in kana son tauri iri ɗaya sai ka ninka naman sau uku, ka dawo inda ka taso. Ga shi nau'in alminiyam irin su 6061-T6 in aka yi musu walda gefen waldar yana laushi, ƙarfin ya faɗi sosai sai an sake gasa shi a tanda ta musamman, sannan alminiyam yana gajiya da jijjiga, yau da gobe sai tsaga ta fito kuma daidai bakin walda take fitowa. Lotus da suka yi Elise a 1996 da casis na alminiyam ai ba walda suka yi ba, gam suka sa da ribit, a masana'anta mai kayan gwaji. A garejin gida ka bar shi a matsayin fallen rufe gefe kawai.

Ɗan_Koyo: Na gode Anti. To ƙarfen kuromoli fa, mai lamba 4130 ɗin nan da nake gani ana ta yabo? In na samu shi ba sai motar ta fi tauri ba?

Yar_Lissafi: Ko kaɗan. Taurinsa ɗaya da ƙarfe na gama-gari, in ka ɗora musu kaya iri ɗaya daidai wa daida za su lanƙwasa. Inda ya fi shi ne yana jure kaya mai yawa kafin ya lanƙwashe ya ƙi dawowa. Masu tsere suna sonsa don su rage kaurin bango su rage nauyi, amma da zarar ka rage bango taurin ma ya ragu, kuma waldarsa tana da tsirfa, in ta huce da sauri gefenta kan yi gautsi. Mai koyo ba ruwansa da shi.

Baba_Mai_Walda: To naji lissafinku, 'yan boko. Amma ku amsa min wannan, da wace na'ura zai yi waldar? Don in irin ta elektirod ce a hannunsa, 1.6 ɗin nan kafin ya ce bismillah ya huda shi, ya zo cike ramin ya tara tulin ƙarfe da kashin walda a ciki, daga waje kamar ta kama, ka sa giranda ka ga kogo. Ni dalilin da ya sa nake cewa a ƙara kauri ke nan, takarda ba ta san hannun mai walda ba.

Injiniya_M: Wannan kam Baba ka kama ni, ba ni da ja. Ɗan_Koyo wace kake da ita?

Ɗan_Koyo: Ta elektirod ce Oga, amma akwai wanda zai ara min MIG, mai turo waya da kanta ɗin nan.

Baba_Mai_Walda: To ka aro, waya 0.6 ko 0.8, da gas, ba mai hoda a ciki ba. Kuma kada ka taɓa casis sai ka cika bokiti da guntayen gwaji. Ka haɗa biyu kamar T, ka ɗaure a bais, ka sa guduma ka yi ta dukansa. In fayif ɗin ne ya lanƙwashe ya yage a gefe, hannunka ya fara nuna. In waldar ce ta ɓalle ta bar fayif fes, koma makaranta. Ka yanka wasu ta tsakiya ka kalli ciki ka ga ko wuta ta ratsa.

Sannan teburi. Mutane suna raina teburi alhali shi ne rabin aikin. Ka samu katako mai kauri ko farantin ƙarfe wanda ya kwanta sumul, ka auna shi ta kowace fuska ka tabbatar ba tudu ba kwari, ka ja layi ɗaya a tsakiya daga gaba zuwa baya, duk wani awo daga wannan layin zai tashi ba daga gefen teburi ba. Ka zana ƙasan casis ɗin a kai, ka kafa 'yan katakai da sukuru su riƙe kowane fayif a wurinsa. Yankan fayif kuma ya zauna ƙam, in ka bar giɓi ka ce walda za ta cike to ita walda in tana hucewa tsukewa take yi, za ta ja fayif ɗin zuwa wajen giɓin, ka wayi gari casis ya ɗaga ƙafa ɗaya.

Kada ka gama walda ko ɗaya sai ka ɗiga wa casis ɗin gaba ɗaya, ɗigo ɗigo a kusurwoyi. Ka sa tef daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, ka juya ka auna ɗaya gicciyen, in ba su zo ɗaya ba ka fasa ɗigon ka gyara tun yana da sauƙi. Lokacin cikawa kuma ka yi nan kaɗan, ka tsallaka kishiyarsa ka yi, ka koma baya, ka dawo gaba, kana bari yana shan iska. Mai gaggawa da ya fara daga hanci ya bi gefe ɗaya har wutsiya, sai ya ga abu ya lanƙwashe ya rasa daga ina.

Kuma ka guji fayif mai galbanayiz, hayaƙin zinc ɗin yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, waldar ma ba ta kyau.

Admin: Baba Allah ya ƙara lafiya, na maƙala wannan a sama don masu zuwa daga baya.

Direba_Zero: Ƙarin bayani kan Baba, tsofaffin casis ɗin Seven da kamfanin Arch Motors ya riƙa yi musu ma da tagulla ake haɗa su, ba narka fayif ɗin ake ba, saboda zafin ya fi sauƙi bai cika jan ƙarfen ba. Amma wannan hannu ne na daban.

Injiniya_M: Yanzu ga abin da ya fi damuna a tambayar tun farko, kuma ba wanda ya taɓo shi. Ɗan_Koyo ka ce MX-5 za ka ciro wa kaya. Zanen naka na wace mota ne? Don ainihin Locost da Ron Champion ya fitar a 1996 a kan Ford Escort Mk2 aka gina shi, mai aksul ɗin baya guda ɗaya dunƙule, da hannuwa huɗu da sandar Panhard mai hana aksul ɗin zamewa gefe. MX-5 kuwa kowace tayar baya zaman kanta take, hannun sama da na ƙasa. Bayan casis ɗin gaba ɗaya daban zai kasance.

Ɗan_Koyo: Na Escort ɗin ne Oga. Na ɗauka in na gama kejin sai in nemo inda zan liƙa hannuwan.

Injiniya_M: A'a ƙanina, a juye ake yi. Tayoyi ake fara ajiyewa a takarda, faɗin tsakaninsu da tsawon tsakanin gaba da baya. Daga nan a fitar da inda kowane hannun taya zai kama, inda shokazoba zai tokara, inda rak ɗin sitiyari zai zauna, sai inji da giya da difarenshal, sai kai kanka da kujerarka da fedoji. In waɗannan ɗigogin sun zauna sannan a ja fayif a haɗa su. Casis ba komai ba ne illa abin da ke riƙe waɗannan wuraren kada su motsa.

Kuma kowane kaya ya shiga ta mahaɗa, inda fayif uku ko huɗu suka gamu. In ka liƙa birakit ɗin shokazoba a tsakiyar dogon fayif, ka mayar da shi abin lanƙwasa, a nan ne 1.6 zai ba ka kunya har Baba ya ce ai na faɗa. Birakit ya kama bolti ta fuska biyu, kunne a nan kunne a can bushin a tsakiya. Duk inda bolti zai ratsa fayif a saka guntun bututu a ciki a walde, in ba haka ba kana ɗaurewa fayif ɗin yana lotsewa. Bolti kuma mai lambar ƙarfi 8.8 zuwa sama.

Yar_Lissafi: Ga wani tarko a MX-5 ɗin. A motar asali akwai doguwar sandar alminiyam da ta haɗa giya da difarenshal, ita ke hana hancin difarenshal ɗagawa in an taka mai. A motarka ba za ta shiga ba, saboda haka sai ka gina wa hancin mazauni mai ƙarfi da ya koma cikin keji. In ka rataye shi da fikafikansa biyu kawai zai yi ta sallama sama da ƙasa har wani abu ya tsage.

Rak ɗin sitiyari ma yawanci sai an rage tsawonsa. Gaɓar ciki ta tayarod ya kamata ta faɗo kan layin da ya haɗa makamar hannun sama da ta hannun ƙasa. In ta kauce, duk sanda taya ta hau tudu za ta juya da kanta ba ka taɓa sitiyari ba.

Direba_Zero: Wannan cutar na taɓa tuƙa motar wani mai ita, a miƙaƙƙen titi kana riƙe da sitiyari ƙam amma motar tana ta laluben hanya, mai ita yana ta canza taya yana zagin shokazoba, ashe rak ne ya yi sama da 'yan milimita.

Na_Gefe: To ni da ban iya lissafi ba, ta ya zan gane inda kejin yake da rauni?

Yar_Lissafi: Ɗauki kwalin takalmi da murfinsa ka murɗa, ka cire murfin ka sake murɗawa, za ka ji bambanci a hannunka. Irin motar nan wurare biyu ne ba murfi, ɗakin inji da wurin zama. Ɗakin inji ana sa masa tokari a sama daga gefe zuwa bangon da ke gaban ƙafafu, wasu su yi shi mai kuncewa da bolti don fitar da inji. Wurin zama kuwa ba yadda za ka gicciya fayif ta kan cinyarka, sai a dogara da gefuna da ramin furofela (sandar da ke kai juyi daga giya zuwa baya) da ke tsakiya, a tokare su da kyau a rufe. Lotus Elan ta 1962 ma kusan a kan wannan ramin tsakiyar kaɗai ta tsaya. Kafin ka yanka ƙarfe ka haɗa ƙaramin samfuri da siraran itace da gam, ɗaya bisa goma, ka murɗa da hannu, idonka zai nuna maka murabba'in da ke buɗe baki. Ka lura da dogayen fayif da ake turawa kuma, in tsawo ya ninka biyu abin da zai iya ɗauka kafin ya gantsare ya koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Injiniya_M: In an gama ɗigawa ma ana iya gwada na gasken. A ɗaure baya ƙam a inda shokazoba ke kamawa, gaba a ɗora shi kan abu ɗaya a tsakiya yadda zai iya juyawa, a ɗaura sanda a gicciye. Rataya kilo 50 a nisan mita ɗaya daga tsakiya, ƙarfin murɗiya wajen Nm 490 ke nan. Digiri ɗaya a mita ɗaya kusan milimita 17.5 ne, to in bakin sandar awo ya sauka milimita 5 ka samu digiri 0.29, ka raba 490 da shi, kusan Nm 1,700 a kowane digiri. Sandar awon ta zama daban da wadda ka rataya wa nauyi don ita ma tana lanƙwasa. Daɗin gwajin shi ne ka ɗiga tokari ɗaya ka sake aunawa, nan take ka san ko ya biya nauyinsa.

Baba_Mai_Walda: Duk naji. Amma sandar kariya ta bayan kai kada wanda ya ce min 1.6.

Direba_Zero: Haba Baba wa zai faɗa. A dokar FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, babbar sandar bututu ne marar ɗinki, 45 x 2.5 ko 50 x 2, guda ɗaya a lanƙwasa ba jone-jone, da tokari biyu zuwa baya, ƙafafunta a kan faranti daidai mahaɗa. In ka zauna da hular kwano kanka ya zama ƙasa da ita da aƙalla santimita 5. Bel na kafaɗa ya kama daidai tsayin kafaɗa ko ƙasa kaɗan, in ka kai shi can ƙasa a bene ranar karo kashin bayanka zai danne. A sa zobe kuma a kewaye furofela, tana juyawa ne dab da cinyarka.

Admin: Ɗan_Koyo ka binciki dokar rajista ta inda kake tun kafin ka yanka fayif na farko. A Birtaniya misali sai irin wannan mota ta ci gwajin hukuma da ake kira IVA kafin rajista, wanda ya maye gurbin SVA a 2009, suna duba makamar bel da sitiyari da birki har da kaifin gefuna. Gyara wannan bayan fenti ba daɗi.

Ɗan_Koyo: Allah ya saka da alheri gaba ɗaya. Zan nemo zanen da aka yi don MX-5, in tsaya a 25 x 25. Saura bene, ƙarfe zan walda ko alminiyam da ribit?

Baba_Mai_Walda: Ƙarfe 1.6, a walde. Kuma fayif biyun ƙasa da na wajen hannuwan taya ka sa kauri 2, ban janye wannan ba.

Injiniya_M: Kauri 2 a waɗannan wuraren ban ƙi ba Baba, kilo 1.4 ne a mita maimakon 1.2. Amma bene ni alminiyam zan sa da gam da ribit kusa da kusa, falle mai faɗi in aka bi shi da walda yana kumbura ya ja casis.

Baba_Mai_Walda: Ribit yana saki, kuma kowane rami ƙofar ruwa ce, ga alminiyam a jikin ƙarfe in danshi ya shiga tsakani cin juna suke. Ɗinki gajere gajere ake yi ana tsallakawa, ba ya kumbura.

Yar_Lissafi: Ku raba musu, ƙarƙashin kujeru da ƙafafu ƙarfe, gefuna da bayan kujera alminiyam, a yi wa fayif fenti kafin a liƙa. Ƙanina kafin nan auno mana faɗin bayan MX-5 ɗin daga fuskar hob zuwa fuskar hob, da faɗin kafaɗunka kana zaune, mu ga ko kujeru biyu da ramin furofela za su shiga tsakanin tayoyin.

Ɗan_Koyo: To Anti, gobe in sha Allah zan kwanta ƙarƙashinta da tef in turo muku.